Shekarar da ba a ci kowa ba

Idan watan Mayu ya kama, zafin bazara ya kai maƙura, ƴan ajin ƙarshe suka duƙufa ga shirin jarrabawar BEPC, to wasannin makarantu sun zo ƙarshe ke nan a gundumomin Magarya da Dungas. Daga nan kowace kwaleji sai ta koma gida da abin da ta samo. Wata ta zo da kofi, a ɗora shi a kan babur a zagaya gari ana guɗa. Wata ta zo da labarin saura ƙiris. Akwai kuma wadda ba a so a tuna da ita, watau wadda tun daga wasan farko har na ƙarshe ba ta ci kowa ba, ita dai kowa ya ci. Ba a rasa irinta kowace shekara, kuma ba sai an kama suna ba, domin daga Sasumburum har Malawa kowane gari ya san shekarar da abin ya faɗo a kansa.

Hukuncin gari ba ya daɗewa bai fito ba. Kafin yaran su wanke ƙafafunsu an gama shari'a a teburin mai shayi da fadar samari. Waɗanda ake tuhuma kullum uku ne. Akwai alƙalin wasa, wanda aka ce an saye shi. Akwai mai tsaron gida, wanda aka ce hannunsa rariya ne. Sai kuma wani malami na garin abokan karawa, wanda za a rantse an gan shi da asuba yana binne laya a gindin raga. Abin mamaki, ba a taɓa jin wanda ya ci ya ce layarsa ce ta ci ba, shi kullum gwaninta ce ta ba shi. In an gaji da waɗannan ukun sai a juya kan mushen wasanni, a ce bai iya zaɓen yara ba.

To amma masu karanta wannan shafi ƴan kasuwa ne da ma'aikata, mutanen da suka san lissafi. Ɗan kasuwar da ya ga jarinsa yana raguwa wata bayan wata ba ya tsayawa ga zargin maƙwabcin rumfa, littafi yake buɗewa ya bi shigar kaya da fitarsu har ya gano inda ramin yake. Shekarar da ƙungiyar kwaleji ta sha kashi daga farko zuwa ƙarshe ita ma littafi ce irin wannan, kuma abin da ke rubuce a cikinta ya wuce maganar ƙwallo.

Da farko dai ba za a ce yara ne suka yi ƙaranci ba. Magarya da Dungas gunduma ɗaya ce har shekarar 2011 da aka raba su, kuma ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum dubu 570 a Magarya, da sama da dubu 350 a Dungas. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, mafi yawansu yara da samari. Duk wanda ya bi ta Bande ko Washa ko Dogo-Dogo da la'asar sakaliya ya ga yadda ake gumurzu a kan yashi, babu takalmi, da ƙwallon roba ko na tsumma, duwatsu biyu su ne raga. Ƙafa akwai ta, kuzari akwai shi. Abin da ya rage a bincika shi ne yadda makarantar da ke zaune a tsakiyar wannan arziki take kasa haɗa mutum goma sha ɗaya.

Amsar tana cikin jerin watanni. Ana komawa lakwal a watan Oktoba, lokacin da damman gero ba su gama shiga rumbu ba, wake da gyaɗa da riɗi kuma suna gona. Uban da ke da ɗa ƙaƙƙarfa ba ya sakinsa sai aiki ya yi sauƙi. Inda azuzuwa na rumfa ne, dole a jira a samu kara kafin a kafa su, saboda haka karatu kansa ba ya kankama sai an shiga Nuwamba. A nan ne mushen wasanni yake tara yara, ya gwada su kwana biyu ko uku, ya rubuta sunaye a takarda. Wannan takarda ta Nuwamba, a idon wanda ya gan ta ranar da aka rubuta ta, ba ta jin tsoron kowa.

Sai hunturu ya shigo, ci-rani ya buɗe baki. Manyan yaran da aka jera a baya domin su tare gida su ne waɗanda ƙarfinsu ya isa a biya shi kuɗi. Wani ya tafi saran rake a fadamun Korama. Wani ya bi yayansa dako a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya dawo Asabar a gajiye, wata rana kuma bai dawo ba. Wani ya wuce Daura ko Kano, ya bar saƙo cewa mako biyu kawai zai yi. Ba a ga laifinsu ba, domin gidan da damina ba ta cika masa rumbu ba yana lissafin kowane hannu. Amma dai ƙungiya ta rame tun ba a buga wasa na biyu ba.

Waɗanda suka rage, da yawansu ƴan ƙauye ne da aka turo kwaleji suka sauka a gidan wani. Yaro yakan zo da ɗan buhun gero, in ya ƙare sai ya taka zuwa gida ya ɗebo wani, tafiyar da kan ci masa kwana biyu. Mai masauki kuwa bai karɓe shi domin tamaula ba, akwai ɗiban ruwa da kiwon akuya suna jiransa da zarar an tashi. Yaron da ya karya kumallo da kunu tun da sassafe, bai sake sa komi a baki ba, shi ake so ya yi gudun minti tis'in da yamma. Rabin farko yana iyawa. Duk wanda ya saba kallon irin waɗannan wasanni ya san cewa bayan an dawo hutun rabin lokaci ne ƙwallaye suke zubowa, kuma babu laya a ciki.

A ƙara da maganar malamai. Tun ƙarshen shekarun 1990 gomnati ta koma ɗaukar ƴan kwantaragi, kuma duk lokacin da kuɗin wata ya maƙale sai a shiga yajin aiki, aji ya rufe, fili ma ya rufe. Malaman wasanni masu horo daga makarantar INJS ta Yamai suke fitowa, ba kowace kwalejin karkara ce take samun ɗaya ba. Sau da yawa mushen lissafi ne ko na tarihi yake rataya usur don sha'awa, ba tare da ƙarin ko dala a albashinsa ba. In aka canza masa wurin aiki a tsakiyar shekara, ƙungiya ta zama marainiya. Ga kuma azumi, wanda a 2024 da 2025 ya faɗo a watan Maris, daidai lokacin da wasanni suke zafi. In an tara waɗannan duka, sai a ga cewa makarantar da ba ta ci kowa ba galibi ita ce wadda ba ta taɓa fitowa da yara goma sha ɗaya iri ɗaya sau biyu a jere ba.

Wasan waje kuwa wani babi ne. A loda yara a bayan motar ɗaukar kaya, a tsaye, a bi hanyar yashi, mota ta kafe su sauka su tura, su iso garin mutane da rana tsaka babu wanda ya tanadar musu ko ruwan sha. Kada a ɗauka ƙananan ƙungiyoyi kaɗai wannan ciwo yake kamawa. A wasannin neman zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012, Mena ta ci duk wasanninta uku na gida a filin Seyni Kunce: ta ci Masar 1 da 0, ta ci Saliyo 3 da 1, ta ci Afirka ta Kudu 2 da 1. Ta kuma sha kashi a duk wasanninta uku na waje, ba ta jefa ko ƙwallo ɗaya ba. In haka ta kasance ga manya masu tafiya a jirgin sama, ina ga ɗan aji biyu da ya sauko daga kan buhunan albasa?

Maganar kaya gajera ce. Ƙwallo da takalma da riguna daga Kano ake kawo su, saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa fili. Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba na 2020, Maigatari tana cikin na farko. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris na 2024. Sai dai ba za a ɗora wa iyaka komi da komi ba. Attajiran ƙasar nan ba marowata ba ne, suna sa kofi, suna raba riguna. Amma kyautar takan tafi ga gasar hutun damina, wadda ake rubuta sunan mai gida a jikin kofi, makaɗa su zo, a yi jawabi, musamman in zaɓe ya matso. Jika biyar ta man mota da za ta kai ƴan kwaleji wasa a watan Fabrairu babu mai roƙo da zai yi mata kirari, saboda haka ita ce ba a samu.

Ma'aikata kuwa su dubi jerin zakarun ƙasa su ga abin da ke ciki. Jangwarzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin a 1983, Espoir ta Damagaram ta ɗauka a 1984. Daga nan kofin ya yi zamansa a Yamai, kuma a shekarun baya-bayan nan ya fi yawo tsakanin ƙungiyar soja, da ta garda, da ta duwan, da ta jandarma, da na kamfanonin SONIDEP da NIGELEC. Ba wai ƴan Yamai da ƙafa uku aka haife su ba. Kofi yana bin inda ɗan wasa ya san abin da zai ci gobe, ya san kuma zai tarar da abokansa na jiya a fili. Abin da ya raba Yamai da Damagaram shi ne ya raba kwalejin cikin gari da ta ƙauye.

Yanzu a zo ga inda haɗarin yake, watau maganin da ake rugawa gare shi bayan shekarar kunya. Da zarar an sake buɗe makaranta, sai wani mai kishin gari ya tashi ya ce bana ba za a sake ba. Maimakon ya tambayi inda yaran bara suka shiga, sai ya aika a nemo ƴan haya. A samo saurayi mai gemu wanda ya bar lakwal shekara biyar da suka wuce, ko wanda bai taɓa shiga ba, wani lokaci ma daga ƙetaren iyaka, a aske shi tas, a ɗauke shi hoto. Wannan aiki kuwa mutum ɗaya ba ya yinsa. Sai mai kuɗi ya biya, sai mai hatimi ya buga. A ƙasar da yara da yawa ba a rubuta haihuwarsu ranar da aka haife su ba, sai daga baya a je kotu a karɓo takarda da shaidu biyu, rage wa mutum shekara uku ko huɗu bai fi shan ruwa wuya ba. Ita takardar kotun an yi ta ne don kada ɗan talaka ya rasa jarrabawa, ba don a mai da magidanci ɗan aji uku ba.

Mai ganin wannan wasa ne na ƙauye, ya tuna da 2009. A wannan shekara ƙungiyar Nijar ta ƴan ƙasa da shekara 17 ta je gasar Afirka a Aljeriya, ta taka rawar gani har ta samu shiga cikin huɗun ƙarshe, abin da ke nufin ta samu kujerar zuwa gasar duniya. Murna ba ta je ko'ina ba hukumar ƙwallon Afirka ta kore ta saboda maganar shekaru, aka ba Malawi gurbinta. Malawi ta can kudancin Afirka fa, ba Malawa ta Dungas ba. Abin da ya fi ciwo shi ne a Najeriya aka yi gasar duniyar a ƙarshen wannan shekara, kuma a filin Sani Abaca na Kano ƴan Malawi suka buga. Daga Magarya, ta Babura, tafiyar ƴan sa'o'i ce a mota. Da mutanen Sosebaki sun cika motoci sun je sun ga tutar ƙasarsu a gasar duniya, su kwana a gida. A wannan gasa ce kuma hukumar FIFA ta fara haska wuyan hannun ƴan wasa da na'urar asibiti domin ta gane wanda ƙashinsa ya gama girma, tun da takarda ta daina faɗin gaskiya.

A kwaleji babu na'ura, babu kuma hukumar da za ta zo daga nesa ta bincika. Ɗan haya yakan ci wasa, a yi ta murna. Wanda ya biya kuɗin wannan murna shi ne yaron da ya sha kashi bara bai gudu ba. Shi ne ya tsaya a raga aka zura masa, aka yi masa waƙar zambo a hanyar rijiya, ya dawo washegari ya sake tsayawa. Bana ya ƙara tsawo, ya san inda ya yi kuskure, sai ya tarar an ba wani ƙato rigarsa, shi kuma an ba shi jarkar ruwa ya riƙe. Yaro ba wawa ba ne. Ya ga direkta ya sa hannu, ya ga alhaji ya biya, ya ga gari ya yi tafi. Darasin da ya ɗauka a wannan yamma ya fi na aji zama a kansa, kuma wata rana shi ne zai zauna a bayan tebur da hatimi a hannu, ko a rumfa da mudu. Ga wasu yaran ma, fili ne igiyar ƙarshe da ke riƙe su a makaranta. Karatu da faransanci ya yi musu nauyi, gida yana kira, abokai suna turo hotuna daga Kano. In aka tsinke wannan igiya, tasha ba ta da nisa.

Shan kashi na gaskiya kuwa ba ya kashe kowa, Mena ma shaida ce. A Gabon, a farkon 2012, ta buga uku ta faɗi uku: Gabon ta ci ta 2 da 0, Tunisiya 2 da 1, Maroko 1 da 0. Shekara ta zagayo ta sake samun zuwa, a Afirka ta Kudu, da yawancin mutanen da suka sha wancan kashi. Mali ta ci ta 1 da 0, Gana 3 da 0, amma ta riƙe Kwango ta Kinshasa babu ci, Kasali Dauda yana tsaron gida. Wasa shida, ƙwallo ɗaya, maki ɗaya. Ba abin a yi wa ganga ba ne, amma babu wanda ya zo daga baya ya ce a mayar. Haka kuma a 2017 ƴan ƙasa da shekara 17 suka je gasar duniyar da aka rasa a 2009, wannan karo a Indiya. Suka ci Koriya ta Arewa 1 da 0, Sifen ta ci su 4 da 0, Birazil 2 da 0, duk da haka suka tsallake zuwa zagaye na biyu, inda Gana ta fitar da su. Shekara takwas aka yi kafin a biya bashin Aljeriya.

Abin da ake nema ga masu hali da masu muƙami a Magarya da Dungas bai kai kuɗin kofi ɗaya na gasar hutu ba. Kwamitin kula da makaranta yana iya sa man mota na wasannin waje cikin lissafinsa tun watan Oktoba, kamar yadda yake sa alli da zana. Mai rumfar hatsi yana iya ɗaukar nauyin fura ranar wasa. Sufeto yana iya cewa ba mai shiga fili sai wanda sunansa yake cikin rajistar aji tun farkon shekara, a kuma zo da rajistar bakin fili kowa ya gani. Magajin gari yana iya hana a yanka filin makaranta a sayar da shi fuloti, abin da ya cinye wuraren wasa a garuruwa da dama.

Kafin duk wannan akwai aiki ɗaya da ba ya cin ko tamma. A ƙarshen shekara direkta yakan aika rahoto, kuma maganar wasanni ba ta wuce layi ɗaya a ciki, in ma an rubuta. Takardar Nuwamba tana nan a aljihun mushen wasanni, in ba a ƙunshe ƙosai da ita ba. A ɗauko ta, a ajiye kusa da takardar wasan ƙarshe, a bi suna bayan suna a rubuta inda kowane yaro ya shiga: wannan yana Maigatari, wannan yana Kano, wannan mai masaukinsa ya sallame shi, wannan an ce ya nufi Agadas. Sunayen da suka ɓace tsakanin takardun biyu, galibi su ne waɗanda za a kira a aji ranar da aka koma a watan Oktoba, a ji shiru.